Gudun Mai Neman Rawani

Kwanan baya na ji a rediyo wai a wata ƙasa akwai mai neman shugabanci da ke shiga gudun fanfalaki, wasu na tafa mishi, wasu na tambayar wane addini gare shi. Matan gidanmu sunka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Na ga irin wannan da idona a garinmu, can tsakanin Buza da Deule, shekarun da soji ke riƙe da ƙasa, bayan babbar yunwa ta wuce. Sai dai namu rawanin maigari shike nema, kuma ɗana ne.

Soja ya yi. Da ya ƙare sarwis ya komo gida da akwatin ƙarfe da wani hali da ba mu sani ba. Kullum in an sallame asuba sai shi tuɓe riga, shi sa kilot iya cinya, shi hita da gudu. Ba wanda ya kore shi, ba shi korar kowa. Shi haura fako, shi zagaya dutsen da ke gabas da gari, shi komo jiƙe sharkaf lokacin da mata ke dawowa daga rijiya. Sannan shi ɗauki hauya shi tahi gona kamar kowa.

A wurinmu magidanci ba shi gudu. Yaro na gudu, ɓarawo na gudu, wanda jakinshi ya ƙwace na gudu. Mai mata da ɗiya kuwa, ko gobara ta tashi, sai dai shi ƙara sauri, hannu ɗaya bisa hula. Amma muddin shi manomi ne kawai, abin bai wuce ba'a ba. Tsofaffi na zaune gindin bango su ce, "Soja, wa ke bin ka?"

Shi ce, "Tsufa, baba! Kai ya riga ya kama ka."

Sai maigari ya rasu. Gidanmu na da gado, don kakannin mijina sunka gina rijiyar farko ta garin, saboda haka mutane sunka zo sunka ce ɗana shi tsaya. Ɗaya ɗan takarar wani Alhaji ne, ɗan ƙanen marigayi, mai fataucin albasa zuwa Najeriya. Ban taɓa jin mugun abu daga bakinshi ba. Mutanenshi ne sunka ɗauki aikin.

Dutsen da ɗana ke zagayawa, nan ne da can kakanshi ke yanka baƙar akuya kahin ruwan farko. Kowa ya san mu jikokin Azna ne, masu addinin gargajiya. Mijina tun shina saurayi ya kama salla, da ita ya mutu. Wanda ya rage a kan tsohuwar hanya wan mijina ne kaɗai, tsoho tukuf, mai walkin fata, wanda goshinshi bai taɓa ƙasa ba. To, sai magana ta fara yawo wurin suna da wurin zaman makoki: mi ke kai mutum dutsen nan da sassafe, rabi tsirara? Ba wanda ya ce ya gani. Tambaya kawai ake ajewa a wuce. Na lura in na iso rijiya hira na mutuwa, sai ƙarar guga.

Abokan ɗana sunka tsorata. Sunka hana shi gudu, sunka sa mishi babbar riga, sunka ba shi carbi mai manyan ƴaƴa shi riƙa ja a bakin kasuwa. Ina kallo ta ƙofar zaure. Shina tahiya cikin rigar nan kamar an ɗaure doki a rumbu, ga fuska a murtuke, ga abinci ba shi ci. Kuma abin da na zata shi ya faru. Mutanen Alhaji sunka ce, "Kun gani? Da an tona ya bari." Wanda ke shakka da, yanzu ya tabbata.

Ranar da na ji abokan nan na shawara a zaure wai a kai wan mijina tunga shi zauna har a ƙare zaɓe, kada a gan shi bayan ɗana, ranar na tashi. Ɗan nan ba ɗan fari ba ne, bakina a buɗe shike kanshi. Na leƙa na ce, "Wanda zai ɗauke tsohon nan daga ɗakinshi, shi fara ɗauke ni." Sunka sunkuyar da kai, sunka hita ɗai-ɗai.

Na ɗauko tsohon wandon mijina mai faɗi, na yanke shi ƙasa da gwiwa, na kalmashe bakin. Na naɗe shi cikin zane na tahi gidan liman. Tsarana ne, tare munka yi kiwon awaki, saboda haka ba na jin nauyin gemunshi.

Ya ce, "Uwar soja, lahiya da hantsi?"

Na ce, "Malam, tambaya na kawo. Gudu haramun ne?"

"Wa ya ce? Ba haramun ba ne."

"To mi a laihin ɗana?"

Ya yi gyaran murya. "Cinyar namiji al'aura ce. Daga cibiya zuwa gwiwa a ruhe. Ni iyakar abin da na gani ke nan."

"Dutsen fa?"

"Ban bi shi ba, ban gani ba."

"Kai ka raɗa mishi suna. Kai ka wanke ubanshi. Tashi ka faɗi hakanan a masallaci."

Ya ɗaga hannuwa biyu. "A'a, uwar soja. Ni ba ni shiga sha'anin sarauta. Duk wanda anka naɗa, ni zan yi mishi fatiha."

Na ce, "Ba sarauta na kawo maka ba, wando na kawo." Na warware shi gabanshi. "Duba. Wanga ya ishe Musulunci ko a ƙara?"

Ya dubi wando, ya dube ni, dariya ta ƙwace mishi har da tari. Ya ce, "Ya isa, har da saura. Ke dai tun muna ƙanana ba ki barin mutum shi sha ruwa."

Na kai wa ɗana wando. Na ce, "Gobe daga ƙofar masallaci za ka tashi, ba ta bayan gida ba. Ka ratsa tsakiyar gari kowa shi gan ka."

Ya ce, "Inna, sai in canza hanya, in bar dutsen."

Na ce, "Kul. In ka kauce mishi ka amsa laihi. Dutse na Allah ne. Ka bi ta gabanshi, ka wuce."

Da safe ina tsaye bakin darni. Anka sallame, mutane na neman takalma. Ɗana ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa na kusa da shi, ya rage daga shi sai ƴar shara da wandon ubanshi. Kowa ya juyo shina kallonshi. Sai liman ya hito, ya ce da ƙarfi yadda na can baya zai ji, "Soja, tunda gabas ka nufa, wuce tungar ƙanena ka ce mishi jibi suna. Allah shi kiyaye hanya." Bai ƙara komi ba, ya shige gida. Amma kowa ya ji liman ya aiki mai gudu, kuma ta hanyar dutse.

Daga nan saƙo ya yi ta zuwa. Garinmu na da tungaye warwatse bayan fako, mutanen da sunka bi gona sunka zauna can. Namu ne, amma ba mai leƙa su sai in karɓar lanho, wato haraji, ta tashi. Yanzu ga mai neman rawani na iso musu da ƙafa kahin rana ta yi zahi, shi durƙusa shi gaida tsofaffi, shi sha ruwa a ƙwarya, shi ce wane ya rasu, wance ta sauka, motar lokotoro mai duba marasa lahiya na zuwa ran kasuwa. Shi komo da nasu: a gaya wa wane raƙuminshi na nan, an ɗaure. Mutanen Alhaji ba su daina magana ba, sai dai yanzu wanda ya yi ta da dare, da safe shi ke tsaye da nashi saƙo.

Ranar zaɓe kwamandan, mai mulkin yankinmu, ya zo daga Buza cikin mota, sarkin ƙasarmu ya zo, gardi, dogaran gwamnati, sunka share fili gaban masallaci. Yadda ake yi, ƴan takara su tsaya, kowane magidanci shi je bayan wanda shike so. Ba ɓoyo, maƙwabcinka na kallonka. Mu mata muna bayan darni, ni na samu inda kara ya ɓalle.

Layi biyu sunka fara tsawo kusan daidai. Sai ga wan mijina tahe da sanda, cikin walkinshi, a hankali, a hankali. Wani daga layin Alhaji ya ɗaga murya: "Ga limaminku nan ya iso!" Anka yi dariya. Na ga bayan ɗana mutane sun fara duban ƙasa, wasu na ja da baya.

Ɗana ya bar wurinshi. Ya taka har inda tsoho shike, ya kama hannunshi, ya ce, "Baba, sannu da rana. Taho nan." Ya kawo shi ya tsayar da shi na farko, dab da bayanshi.

Wasu sunka zame sunka koma wajen Alhaji. Na gan su, na san gidajensu, har yau ban manta ba. Sai ƙanen liman, wanda shi ma malami ne mai makarantar allo a tunga, ya hito daga can baya, ya zo ya tsaya bayan mai walki, ya ce, "Tsoho, jingina da ni in ka gaji." Mutanen tungaye sunka biyo shi, da malafunansu da ƙurar hanya a ƙafa, wanga bayan wanga, har layi ya wuce gawon bakin fili ya karya kwana.

Kwamandan ya bi shina taɓa kafaɗu shina rubutu. Aikinshi ne. Ni ban yi boko a lakwal ba, amma na san dogo na san gajere. Kahin shi ƙare guɗa ta tashi bayan darni. Liman ya ɗaga hannu ya yi fatiha, Alhaji ya zo ya ba ɗana hannu, wan mijina na tsaye tsakiyar masu shafawa shina kallon kowa.

Kwana kaɗan bayan naɗi, dattawan gari sunka taru da sassafe gaida sabon maigari, har da Alhaji. Sunka iske zaure ba kowa, rawani na rataye. Ni na hito musu da tabarmi.

Babbansu ya ce, "Uwar maigari, ina shike?"

Na ce, "Ya tahi gabas."

Sunka dubi juna. Babban nasu ya rage murya. "Ai yanzu ya kamata shi bari. Rawani da gudu, ba a taɓa yi ba. Ke zai ji maganarki."

Na ce, "Da gudun kunka gan shi, kunka tsaya bayanshi. Ku zauna, shina tahe."

Na aika musu da hura. Sunka zauna, sunka sha, sunka jira.