Ɗingishin Injin Tautenhahn

An haifi Eckehard Tautenhahn a shekarar 1941 a garinmu da ke kwance cikin wani kwari na tsaunukan Erzgebirge, ya kuma shiga masaƙar safa yana ɗan shekara goma sha biyar. Ɗakin injin tururi aka tura shi. Ya fara da ɗibar kwal, ya ƙare yana shugaban ɗakin. Da aka rufe masaƙar a 1991 ma'aikata suka watse, shi kuwa ya ci gaba da zuwa kowace safiya da mabuɗinsa da yankan burodi mai kitse a aljihu, har hukumar gari ta mai da ɗakin gidan tarihi, ta bar masa riƙonsa.

Sau huɗu a shekara yakan hura wa tukunyar injin wuta. Tururi ya lulluɓe tagogi, hasken rana ya koma kamar madara, babban wilin ƙarfe ya soma juyawa a hankali tamkar mai farkawa daga dogon barci. A wurin Eckehard, inji mai lafiya numfashi kawai yake yi. Duk wata ƙara da ta wuce haka abin kunya ce ga mai kula da shi.

A bazarar 2013 wata mawaƙiya daga Chemnitz, Jördis Uhlig, ta zo kallo. Ita da abokan kiɗanta biyu suna yin kiɗa mai duhu da nauyi, wanda ake gauraya shi da amon ƙarafa, suna kuma yin shiga irin ta ƙarni na sha tara: baƙar riga har ƙasa, doguwar hula, da tabarau na tagulla a goshi.

"Wa ya rasu?" in ji Eckehard.

"Babu kowa, Herr Tautenhahn. Haka muke sa kaya."

"Wannan tabaron fa? Walda kike yi, ko goshin ne ba ya gani?"

Ta yi dariya, sannan ta kasa kunne ga injin. A ranar, gammon tagullar da sandar injin ke juyawa a cikinsa ya ɗan saki, sai kowane zagaye ya riƙa ba da bugu biyu, ɗaya mai nauyi, ɗaya marar nauyi. Ta tsaya kusan awa guda idanunta a rufe. A ranta ta sa wa bugun suna ɗingishi. Ta roƙi izinin dawowa da kayan ɗaukar sauti domin sabon faifansu, ya amince da murna. Ba ta faɗi abin da take so ta ɗauka ba, shi ma bai tambaya ba.

Kafin ta dawo, masu duba lafiyar tukwanen tururi suka yanke cewa tukunyar ta tsufa. An yarda a hura ta sau ɗaya tak, wata Asabar a watan Oktoba, daga nan shi ke nan. Eckehard ya gane cewa abin da za a ɗauka a ranar shi ne kaɗai muryar injinsa da za ta rage a duniya.

Ranar Asabar aka jera makirufo, wili ya juya, ɗaki ya cika da numfashi mai laushi. Jördis ta cire abin sauraro daga kunnenta.

"Ina ɗingishin?"

"Wane ɗingishi?"

"Bugun nan mana! Dum-ta, dum-ta."

"Yarinya, kwana shida na yi a durƙushe ina gyara wannan abin kunyar, saboda ku."

"Wayyo, Herr Tautenhahn, kun kashe ni! Waƙa tara na ɗora a kansa."

"Kin ɗora waƙa a kan cuta? Ku tafi asibiti mana, ku ɗauki tarin marasa lafiya."

"Da za su bar mu, da tuni mun je. Don Allah ku mayar mana da shi."

"In ɓata inji da hannuna? Jikokin jikoki su saurara su ce Tautenhahn bai iya ɗaure noti ba?"

Kwal ɗin da ya rage na awa uku ne. Eckehard ya zauna a kan akwati ya zuba wa tururin ido. Daga baya ya shaida mini cewa a cikin farin hayaƙin nan ya ga kamar matan saƙa suna wucewa da kallabinsu, ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu sun daɗe da barin duniya. Ya tuna cewa matan nan, da ke aiki a benen da ke samansa, ba sa tuna akwai inji a ƙarƙashin ƙafafunsu sai ranar da ya yi bugu. A irin wannan rana sukan bi shi da taka ƙasa, su leƙo ta taga suna yi masa tsiya, suna kiran sunansa.

Ya miƙe.

"Sharaɗi biyu. Ku fara ɗaukarsa yadda yake yanzu, minti biyu, ku sa shi a farkon faifan. Sannan zan ba ku rubutu ku buga a jikin kwalin, kada ku canza ko harafi."

Aka ɗauka. Ya tsayar da injin, ya ɗauki sufana, ya sassauta notin gammon tagullar rubu'in zagaye. Da wilin ya sake tashi, bugun ya dawo. Jördis ta rera a kansa a tsaye cikin tururi, har wutar ta mutu da la'asar.

Faifan ya fito a shekarar da ta biyo baya. Masu sauraro da yawa sukan tsallake mintuna biyun farko, wasu ma sun rubuto suna cewa nasu ya lalace, ba a jin komai. A jikin kwalin an buga: "Ɗingishin da ke cikin wannan faifai da gangan aka sa shi. Injin lafiyarsa ƙalau. E. Tautenhahn."

A yammacin waccan Asabar, bayan mawaƙan sun kwashe kayansu sun tafi, ya jira ƙarfen ya huce. Injin ba zai ƙara juyawa ba har abada. Ya durƙusa ya sake ɗaure notin, ya goge hannunsa, ya kulle ƙofa.