Teburin da Ba a Ci Tuwo a Kansa Ba

Duk wanda ya zauna a bencin lakwal, wato makarantar boko, a Tawa farkon mulkin kai, a kan aikin Illa kafinta ya zauna. Mutumin Kalfu ne, gajere, bakinsa ba ya hutawa, ko jaki ya samu sai sun yi hira. Mutum ɗaya ne ya gagare shi magana: Yunusu, ɗansa na fari. Kunyar ɗan fari ce irin wadda aka gada. Ko sunansa ba ya kamawa, "wancan" yake ce masa, alhali a rumfa ɗaya suke aiki.

Shekarar da Yunusu ya ce zai tafi neman kuɗi Abijan, Illa ya je gyaran benci a lakwal ya tarar wani malami Ba'amurke ya toshe tagogi da barguna yana nuna silima da rana tsaka. Iyali ne na ƙasarsu. Uba da uwa da yara suna cin abinci a tebur guda, ana ta jin dariyar wasu da ba a gani, Illa ya ce maƙwabta ne ke leƙe. Sai ɗan gidan ya yi laifi, uban ya zauna kusa da shi, ya dafa kafaɗarsa, ya yi masa magana a hankali. Illa bai ji kalma ɗaya ba, amma abin ya tsaya masa a rai. Motar Abijan ranar Lahadi za ta tashi, shi kuwa bai taɓa ce wa yaron ko sannu ba.

Ya yanke cewa asirin a tebur yake. Kwana uku ya haɗa wani ƙato, ya dasa shi a tsakar gida.

Matarsa Rakia ta dube shi, ta dubi teburin. "Malam, ni in ci tuwo gaba gare ka? Mi ya yi zahi?" Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki. Ƙananan yara suka shige ƙarƙashinsa da akushinsu, don a can inuwa take. Yunusu ya yi gaisuwa kansa a ƙasa, ya sulale zaure. Illa ya zauna shi kaɗai a kan kujera kamar kwamanda, kaji na kallonsa.

Ranar Asabar ya ja teburin zuwa rumfa. "A ce ma wancan ya taho, katakon ga bai yi santsi ba."

Suka duƙa suna gugar katako, kowa idonsa a kan aikinsa. Can Illa ya gyara murya.

"Kai tebur, in ka tahi Abijan, ka riƙe salla. In wuri ya ƙiya, ka komo, babu mai yi maka dariya. Kuma ka sani akwai tsohon da ba ya jin daɗin tahiyarka."

Yunusu ya daɗe yana guga wuri ɗaya. "Tebur ya jiya, Baba. Shina komowa kahin damana."

Ya kuwa dawo, ya riƙa dawowa kowace shekara. Har Illa ya tsufa ba a taɓa cin tuwo a teburin nan ba. Amma duk sanda Yunusu ya sauka daga mota, washegari sai ka ji an ce katako bai yi santsi ba. Suka yi ta gugarsa har ya koma siriri kamar faifai, Illa kuwa ya hana a sayar.