Baƙon da ke Ƙwanƙwasa Katakan Bayan Sito

Kwana uku ke nan Mainasara, mai gadin siton taki a kasuwar Daura, yana ganin mutumin nan. Dogo ne siriri, hularsa ta koɗe, farcen babban yatsansa baƙi ƙirin kamar ya sha guduma. Ko kallon buhunan taki ba ya yi. Hankalinsa na kan katakan da ake jera buhu a kansu, waɗanda ake jefarwa bayan sito in sun karye.

Yana tsugunawa ya ƙwanƙwasa kowanne, ya kasa kunne, ya ware masu sauran ƙwari. Lanƙwasasshiyar ƙusa ma sai ya miƙe ta da dutse.

Ɓarawo dai ba ya yin haka da rana tsaka, balle yanzu da shari'a ta kafu. To, wa ya aiko shi?

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Alhaji mai sito ya ce in duba. Karyayyu uku na ba da biyu masu kyau, ba sai an sayo sababbi ba." Ya ɗago ido. "Amma an ce mini sun fi haka yawa."

Sauran kuwa, Mainasara ya daɗe da bai wa mai gidan burodi, tuni sun zama toka.