Kwansunan Baffa

Baffana, ƙanin mahaifina, shi ya riƙe ni a unguwar Abakpa tun ina ƙarama. Gyaran risho ne sana'arsa, amma abin da ya ɗauke masa hankali shi ne kwansunan harsashin ƙananan igwogi, na tagulla, waɗanda aka riga aka harba. Wurin 'yan gwangwan yake tsinto su. Ya zo ya dirje da tsamiya da toka, ya goga alli a gindin don rubutun ya fito, ya zura yatsu a baki ya auna faɗi, sannan ya ce wannan na zamanin Turawa ne, wancan na yaƙin basasa. Ya jera su a kanta kamar jeren amarya.

Wallahi kunyar abin nake ji. 'Yan unguwa 'yar mai igwa suke ce mini. Baƙo ko ruwa bai gama sha ba, Baffa ya sauko da kayansa.

Da dangin saurayina suka sa ranar zuwa neman aurena, sai da na durƙusa masa.

"Baffa, don Allah ban da kwansunan nan."

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai kin cika tsoro. To, na ji."

Ina! Ina laɓe bayan labule, an gama gaisuwa, ba a ma buɗe goro ba, na ji ƙarar tagulla. Na dafe kai. Baffa ya ɗauko wani siriri ya miƙa wa jagoran baƙin, wani dattijo, yayan mahaifin saurayina.

"Alhaji, duba aiki! Na basasa ne. Irin wannan in ta sauka, ko ƙashi ba a tsinta."

Dattijon ya riƙe shi yana dubawa. Can ya ajiye a tabarma a hankali.

"Haka ne, Malam. Ƙanena, uban yaron nan, ba mu tsinci komai ba. Hularsa kawai aka kawo mana."

Na san saurayina maraya ne, na san mahaifinsa soja ne, amma ban taɓa jin yadda ya rasu ba. Na ce shi ke nan, aure ya watse, za su ce gidan marasa imani ne. Baffa mai surutu ya kasa ko da Allah ya jiƙansa. Sai wani baffan nawa da ke wurin ne ya yi ta maza ya ja addu'a, aka shafa.

Dattijon mutumin kirki ne. Ya buɗe goro da kansa, ya nema, aka ba shi.

Washegari Baffa ya zuba kwansunan a buhu ya ɗaura a bayan keke. Abin da ya yi shekaru yana tarawa, a kilo 'yan gwangwan suka auna. Ni da na daɗe ina roƙon Allah ya raba mu da su, ban ji daɗin ko ƙwayar zarra ba.

Ranar da za a kai ni, na shiga ɗakinsa sallama. Na same shi da tsumma yana goge kantar, babu komai a kanta. Da ya gan ni sai ya ɓoye tsumman a bayansa, kamar na kama shi yana sata.