Raphael Mai Wasa Haƙoran Burtsatse

Duk mai haƙa rijiyar burtsatse daga Samaru zuwa Jama'a ya san shagon Raphael a Chikaji. Mutumin Kudancin Kaduna ne, siriri, mai yawan waƙar coci a bakin aiki. Sana'arsa wasa haƙoran da ke kan bakin injin haƙa, waɗanda ake yi da wani ƙarfe mai suna tungistin. Shi ne ke iya cin dutse bai karye ba.

Matarsa Keziya malamar firamare ce a Samaru. Ta haddace ƙorafinsa tsaf.

"Maman Ƙauna, a ƙasar nan fa ake tono dutsensa. A zuba a buhu a fita da shi ƙasashen waje, su narka, su dawo mana da shi kamar zinariya. Ranar da suka rufe ƙofa, da me za mu haƙa ruwa?"

Sai ta yi dariya ta ce ya ci tuwonsa kafin ya huce.

Ashe ranar na tafe. Sababbin haƙora suka yi wuya a kasuwa, masu haƙa suka dinga kwaso tsofaffin da suka dakushe suna jibge masa. Keziya ta roƙe shi ya rage.

"In na ƙi, mutanen Bomo su koma shan ruwan rafi ke nan," in ji shi.

Haka ya duƙufa a kan dutsen wasa, tun safe har yamma, da ɗan tsumma a hanci. Yakan dawo gida gira da gemu sun yi toka-toka. Tari ya fara kamar wasa. Kafin damina ta zagayo, ba ya iya kai baiti ɗaya na waƙa sai ya dafa bango.

A asibiti likita ya ja Keziya gefe ya ce, "Ƙurar ƙarfen ta riga ta cinye huhun. Sai dai mu sauƙaƙa masa."

Ta jinyace shi a gida. Da bakinsa ya ce ta ba shi ruwa, ya kurɓa kaɗan, ya riƙe hannunta, ya cika.

Bayan an yi jana'iza, ta je shagon kwashe kaya. Tana cikin shara sai ga Ugo, wani mai injin haƙa, ya sauko daga mota da bakin inji a kafaɗa, yana fara'a. Daga daji yake, bai ji labarin rasuwar ba.

"Madam, Oga yana ciki? Mun ci karo da dutse, mutanen gari suna can suna jira."

Keziya ta ajiye tsintsiya. Ugo ya dubi baƙin zanenta, ya sauke ƙarfen a hankali, ya cire hula. Suka tsaya a ƙofar shagon, ita tana kuka, shi yana kallon ƙasa.