Kwanon Ruwan Kaka da Madubin Bindigar Kawu

Ranar nan a makaranta mai gadi yana ɗiga wa kwaɗon ƙofar ajinmu mai, warin ya bugi hancina. Ƙawayena suka wuce suna hirarsu, ba su ji komai ba. Ni kuwa na tsaya cak da jaka a kafaɗa. Irin wannan warin ne yake hannun Kawu tun ina ƙarama, kuma har yau in na ji shi ba na iya cin abinci sai an jima.

A unguwar Kurayyat muke zaune, a hawa na ƙarshe na wani tsohon bene, daga mu sai soro, wato filin saman rufin benen. Akwai Baba da Mama da ni, sai Kaka, mahaifiyar Mama, sai Kawu, autan Kaka. Shi a nan Jidda aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. Yana aiki a wani shagon kayan fita daji a Bagdadiyya, inda ake sayar da tanti da darduma da butocin shayi. Mai shagon shi ne kafilinsa, wanda ya tsaya masa a takardar zama, kuma mayen farauta ne. Duk Juma'a sai ya ɗauki Kawu su fita bayan gari. Da farko ɗaukar kaya Kawu yake yi, daga baya abin ya shige masa jini har ya fi maigidan nasa.

Ba farautar kanta na fara sani ba, abin da take barowa na sani. Ranar Asabar Kawu kan shigo da buhu cike da kwanson harsashi, ja da kore da shuɗi, ya zazzage su a tsakar ɗakinsa. Aikinsa ne ya sake cika su. Yana da ɗan ƙarfe mai hannu da ya ɗaure a bakin tebur, da ɗan sikeli da yake auna albarushi, da gwangwanayen ƙwayoyin dalma. Sai ya jera kwanson launi-launi kamar mai jera alewa, ya ɗan zaro harshe a gefen baki, ya yini yana danna hannun ƙarfen nan. Idan mutum bai kula ba zai ce aiki ne mai tsabta. Amma ni nake share ɗakin. Na san abin da ke ƙasan buhun: ƙananan gashin tsuntsu da suka manne da busasshen jini, da yashi, wata rana har da guntun ƙafa mai faratu uku a dunƙule. Buhun yana ƙarni, ɗakin yana warin mai, ga tsummokaran goge bindiga baƙi ƙirin a rataye a ƙusar da Kaka take rataye carbi.

Da wannan hannun yake zuwa cin abinci. Yakan ɗauraye shi sama-sama, amma baƙin man yana nan a ƙarƙashin farce, sai ya tsoma shi a tiren shinkafa da muke ci tare. Nakan ja layi a zuciyata tsakanin gefensa da nawa, in bar shinkafar da ke kan layin. Ƙwayoyin dalmar kuma ba sa zama wuri ɗaya. Suna gangarawa ƙarƙashin tabarma, cikin takalma, har cikin kicin. Wata rana Mama ta tauna ɗaya a cikin tuwo, ta dafe muƙamuƙi.

"Kai, auta, wallahi za ka karya mini haƙori! Kuma cokalin shayina ne na gani a gwangwaninka?"

"Ya ukhti, cokali ne fa. Halas, shi ke nan, zan wanke."

"Ka wanke ka riƙe. Ba wanda zai ƙara motsa shayi da shi a gidan nan."

Kaka ta ƙyale shi. Auta ne, kuma takan ce gara ya zauna a ɗaki yana wasa da gwangwani da ya bi yaran layi.

Abin Kaka yana saman soro. Wani tsohon kwanon silba ne mai faɗi, gefensa a lotse, da take ajiyewa a inuwar tankin ruwa. Kullum da safe da la'asar sai ta hau, tana dafa bango saboda gwiwa, ta wanke shi ta cika. Sadaka ce take yi wa Kakanmu namiji, wanda ya rasu kafin a haife ni. Ta ce a ciwonsa na ƙarshe ruwa kawai yake kira, likita kuma ya hana, shi ya sa ba ta son ganin mai rai da ƙishirwa. Tattabaru suna zuwa, ƙananan tsuntsaye suna zuwa. Amma waɗanda take jira su ne kurciyoyin ƙarshen zafi, lokacin da iskar teku ke manne wa mutum riga a jiki, ana shirin komawa makaranta. Mutanen nan suna ce musu gumri. Sun fi namu na gari siranta, bayansu kamar an zana da lalle. Matafiya ne, kwana kaɗan suke yi su tsallake teku.

"Gida za su," in ji Kaka. "Kafin a gama yankan gero suna gonar ubana. Su ba a tambayarsu iƙama."

Ita ba ta da iƙamar, wato takardar izinin zama. Umara ta zo tun da ƙuruciya ta zauna, kuma ta san in ta fita ba dawowa. Don haka takan tsuguna nesa kaɗan da kwanon, ta ba su sallahu a hankali: su gaida wance, su duba ko tsamiyar ƙofar gida tana nan. Ni ina gefenta ba na cewa komai. Takan zungure ni ta ce, "Ƙawata, ke ba ki da saƙo? Ko miji ba za ki aika a nemo miki ba?" Sai in sunne kai a cinyarta.

A irin wannan lokacin ne Kawu ya shigo da wani dogon kwali, yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko jariri. Madubin bindiga ne sabo, abin da suke kira darbil. Maigidansa ya ba shi ya ɗaura a kan bindigar iska, ya saita kafin Juma'a. Bindigar ba ta ƙara, ɗan "tas" kawai take yi, shi ya sa ya hau da ita soro ba tare da tsoron maƙwabta ba. Ya zana baƙin ɗigo a murfin kwali, ya jingine a bango, ya kwanta rub da ciki a kan tabarma a ɗaya ƙarshen soron. Ya harba, ya tashi ya duba, ya dawo ya murɗa wani ɗan maɓalli a jikin madubin, ya sake harbawa. Ranar Kaka ta tafi kasuwar Bab Makka sayar da gyaɗarta da ƙuli-ƙuli. Kafin ta fita ta cika kwanon, ta ce in duba mata baƙinta. Shi ya sa nake zaune a bakin matakala.

"Ta'ali, zo ki gani, 'yar kurma," in ji Kawu. Haka yake kirana don ba na magana. "Rufe ido ɗaya. Shufi, duba."

Na sa idona. Da farko duhu, sai kwanon Kaka ya taso har gaban fuskata. Kurciya tana bakinsa. Ban taɓa ganin tsuntsu haka ba. Idonta ruwan lemo ne da ɗan jan zobe, a wuyanta akwai zane baƙi da fari, maƙogwaronta yana motsi tana zuƙar ruwa ba ta ɗaga kai. Ɗigo ɗaya ya maƙale a gashin ƙirjinta. Sai na lura da siraran layuka biyu na cikin madubin, sun gitta juna daidai kan ɗigon nan.

Kawu ya janye ni da kafaɗa ya gyara kwanciya.

"Kawu, na Kaka ne," na ce. Muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

"Ashe kina magana!" Ya yi dariya. "Kwali ba ya motsi, ya binti. In ban gwada a kan mai rai ba, mu'allim, maigidana, zai yi mini dariya a gaban mutane."

Ya ja kunamar. Kurciyar ta faɗa cikin kwanon, fiffike ɗaya yana dukan ruwa, sauran suka tashi fir. Na ɗauka shi ke nan. Amma zafi ne, kuma ba wani ruwa a soron unguwar sai na Kaka. Ba a jima ba suka dawo, ɗaya bayan ɗaya, suna sha a gefen 'yar uwarsu. Wannan ne ya fi ba Kawu dariya. "Shufi, wawaye, suna dawowa!" Yana harbi yana murɗa maɓallin, yana yaba madubin da Larabci. Da ya gaji ya tsame su ta ƙafa, ya jera a tabarma, ya ɗora bindigar a kansu, ya ɗauki hoto ya aika wa maigidansa. Sannan ya tattara su cikin ledar shara, tare da tsummokaran mai. Ruwan kwanon ya koma kamar na wankin nama, gashi yana yawo a kai. Na tsuguna a bayan tanki na amayar da abincin rana.

Kaka ta dawo gab da magariba. Ko zama ba ta yi ba ta ɗauki butarta ta hau. Ta daɗe tsaye a kan kwanon. Sannan ta sauko ta tsaya a ƙofar ɗakin Kawu, yana goge gilashin madubin da wani lallausan ƙyalle.

"Auta, ka yi bismilla?"

"Inna, saiti nake yi."

"Ka yanka su?"

"Ba ci zan yi ba. Tsuntsu ne fa, ya Ummi, gobe wasu za su zo. Halas."

"Ina suke?"

Ya nuna ledar da haɓa. Kaka ta buɗe ta duba, ta rufe. Na san da a garinsu ne da unguwa ta ji muryarta. Amma a gidan da ke da bindiga da albarushi da tsohuwa marar takarda, ba a ɗaga murya, kada mai gadin bene ya hawo tambaya. Don haka ƙasa-ƙasa ta yi maganar, kamar mai lazimi.

"Ubana maharbi ne. Da farauta ya ciyar da mu. Ko kura bai taɓa harbi a mashaya ba, ya ce wanda ya zo shan ruwa baƙo ne. Waɗannan kuma ni na kira su."

Kawu ya ce to, ba zai ƙara ba, idonsa yana kan gilashin. Bayan 'yan kwanaki wani abokinsa ya kawo nasa madubin a saita masa, suka hau soro da shayi. Da la'asar Kaka ta sake samun gashi a ruwa. Ba ta je ɗakinsa ba. Ta zubar da ruwan a magudana, ta wanke kwanon da omo har sau nawa, ta kife shi, ta ɗora bulo a kai.

Mama ta bi ta har ɗaki. "Inna, sadakar Babanmu ce fa. Ki bari in yi wa auta magana."

"Kin taɓa ganin sadaka da ƙugiya a ciki? Ba zan aika wa ubanku lada da jini a kai ba."

Daga ranar ba ta ƙara hawa soro ba. Ni nake hawa shanya. Kurciyoyin suka ci gaba da zuwa, suna zagaya kifaffen kwanon, baki a buɗe, fiffike a sake, wata tana saran silbar da baki. Kaka tana zaune a ƙasan matakala da carbi, tana jin ƙarar. Daga baya suka daina zuwa.

Yanzu ina sakandare. Kaka ta koma gida a shekarar da aka yi wa marasa takarda sassauci su fita, kuma ba za ta iya dawowa ba. Takan aiko saƙon murya ta wayar wani jikanta, ta ce ta ga baƙin sun sauka a gona, ta tambaye su labarina sun ce har yanzu ba na magana. Kawu ya yi aure ya kama gida a hawa na biyu, madubansa na bindiga sun yi yawa, kowanne da akwatinsa. Yana yawan ƙorafi cewa yanzu hukuma ta tsananta, sai da lasisi, ga tara. Ran salla yakan miƙo mini waya in ga hoton gaban mota lulluɓe da tsuntsaye. Nakan ce ina da karatu. Makullin soro yana wurinsa har yau.

Kwanon yana wurina. A bayan kicin ɗinmu akwai ɗan lungu tsakanin benenmu da na maƙwabta, inda ruwan mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ke ɗiga dare da rana. Nan na ɗaure shi da waya a ƙarƙashin taga. Kafin in ɗaure sai da na ari makullin da sunan shanya na hau soro, na kwanta rub da ciki a inda Kawu yake kwanciya, na rufe ido ɗaya na duba. Na zagaya kowane gefe, na leƙa ta tagar matakala. Ba a hango shi ta ko'ina. Ƙananan tsuntsaye sun fara zuwa, ina jin su in ina wanke-wanke. Kurciyoyin ba su gano wurin ba tukuna. Kawu ma bai gano ba.