Farantan Bature Mai Gashin Baki

Shekarun baya, ƙarshen mulkin soja a gida, yayana ya tura ni Guangzhou ta ƙasar Sin saro farantan ƙarfe masu zanen fure, irin na jeren amare. Tafiyata ta farko ke nan, ko gaisuwar Sinanci ban iya ba.

Sai da kaya suka isa sito kusa da unguwar Baiyun na buɗe kwali ɗaya. Babu fure. Wani Bature ne a kan kowane faranti, gashi har kafaɗa, ga gashin baki, riƙe da sandar girma, jiragen ruwan yaƙi a bayansa. Wace uwa ce za ta jera wa 'yarta wannan ƙato? Kuma in jami'ai suka tambaye ni wane soja nake shigo da hotonsa, me zan ce?

Na koma wurin mai shagon. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Meyo.” Wato masu furen sun ƙare.

Abokina, Bahaushen Accra da muke masauki ɗaya a titin Huanshi, ya ga na kasa cin abinci. Ya ce, “Taso, ɗan'uwa. Akwai wani Bature ɗan Holan a bene na sama, mai shagon tsaraba a ƙasarsu, wataƙila ya san mutumin da ke kan farantin.”

Baturen na ganin farantin ya washe baki. Ya ce ai wannan babban kwamandan sojan ruwansu ne, ya mutu fiye da shekara ɗari uku. Akwai tituna da makarantu da sunansa, har kan kuɗinsu an taɓa sa fuskarsa.

Abokina ya ce, “Ya zo gaɓar tekunmu?”

“Ya zo. Ya ƙwato wa Holan ganuwoyi a can, gidajen tsaro na bakin teku.”

Abokina ya ce, “Na san ganuwoyin. Na shiga ɗakunan da ake tsare bayi.”

Ɗakin ya yi tsit. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, addu'a nake kada cinikin farantan da ban ma fara da Baturen ba ya lalace. Can Baturen ya sunkuyar da kai ya ce, “Wannan ɓangaren ba su daɗe a kansa ba a makarantarmu.”

Ya karɓi farantan duka don shagon tsarabarsa, na samo masu fure a wani wuri.

Na tsira, amma ba tsirar ce ta zauna mini ba. Har yau in na ga titi da sunan wani gwarzo, sai in tsaya in ce: ko a wace gaɓar teku ce ake jin sunan nan a yi shiru?